Ku Klux Klan: tarihin ƴan farin mayafi da jinin da suka zubar

Duk wanda ya saba kallon fina-finan Amurka ya san wannan sura: mutane cikin dare, sanye da farar riga har ƙasa da hula mai tsini wadda ta rufe fuska, ba a ganin komi sai ramukan idanu biyu, sun kewaye wani ƙaton gicciye na itace yana ci da wuta. Su ne ƴan Ku Klux Klan, ko KKK a taƙaice. Jama'a da dama suna ɗaukarsu waɗansu mahaukata ne ƙalilan da suka fanɗare a can ƙauyukan kudancin ƙasar. Tarihi bai yarda da wannan ba. An yi zamanin da ƙungiyar take da mambobi miliyoyi, tana ɗora gwamna a kan kujera, alƙalai da ƴan sanda da limaman majami'u suna cikinta. Sau uku tana tashi cikin shekara ɗari, kuma kowane tashi nata ya zo ne a lokacin da farar fata suka ji ana neman a raba da su wani abin da suke ganin nasu ne su kaɗai, ko ƙuri'a, ko aiki, ko lakwal.

Asalinta wasa ne. Yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, bayan shekara huɗu ana gwabzawa tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, waɗanda suka ɓalle don kada a taɓa musu bauta. Kudu ta sha kaye, bayi kusan miliyan 4 suka sami ƴanci. Jim kaɗan bayan haka, a wani ɗan gari mai suna Pulaski cikin jihar Tenesi, tsofaffin sojojin Kudu shida, samari masu ɗan ilimi waɗanda zaman banza ya isa, suka kafa kulob. Sunan sun ɗauko shi daga kalmar Girkanci "kuklos", wato da'ira, suka liƙa masa "klan", dangi ke nan, don ya yi daɗi a baki. Sai su lulluɓa da farin ƙyalle, su hau dawaki su zaga gari da dare. Ba a jima ba aka gane wannan shiga tana da wani amfani na dabam: tana ɓoye fuska. Wanda ya doki mutum ko ya ƙona masa gida, ba mai iya nuna shi da yatsa gaban alƙali.

A 1867 aka yi taro a Nashville aka ba ƙungiyar tsari, shugabanci kuma ya koma hannun Janar Nathan Bedford Forrest. Kafin yaƙi sana'arsa saye da sayar da bayi a Memfis, da ita ya yi arziki. A cikin yaƙi kuwa, dakarunsa ne suka karkashe sojoji baƙar fata da suka riga suka miƙa wuya a sansanin Fort Pillow, cikin Afrilun 1864. Irin shugaban da aka zaɓo ya isa ya nuna inda aka dosa.

Siyasa ce ta mai da wasan ta'addanci. Daga 1867 Majalisar dokokin tarayya ta tilasta wa jihohin Kudu su bar maza baƙar fata su yi zaɓe, sannan aka yi wa tsarin mulki gyara a 1868 da 1870 don tabbatar musu da zama ƴan ƙasa da haƙƙin jefa ƙuri'a. Mutumin da jiya ake yi masa kuɗi a kasuwa ya wayi gari yana zaɓe, ana kuma zaɓensa. A 1870 Hiram Revels ya shiga Majalisar dattawa daga Misisipi, jihar da Jefferson Davis, shugaban ƴan aware, ya taɓa wakilta. Baƙar fata suka shiga majalisun jihohi, suka buɗe makarantu, waɗansu suka sayi gonaki. Yana da kyau mai karatu ya lura cewa a wancan zamani jam'iyyar Republican ita ce ta Abraham Lincoln, ita baƙar fata suke zaɓe. Jam'iyyar Democrat ta Kudu kuwa ta tsofaffin iyayengiji ce, kuma ita Klan take yi wa aiki. Sai cikin ƙarni na 20 ne al'amura suka juya.

Saboda haka ba da ka ake kai farmaki ba. Ana neman malamin makaranta, da mai wa'azi, da wanda ya sayi fili, da wanda ya yi jayayya da mai gona a kan ladan aikinsa, da wanda ya tsaya takara. Farar fatar da suka goyi bayansu ma ba su tsira ba: a Oktoban 1868 aka harbe James Hinds, ɗan majalisar tarayya daga Arkansas, yana kan hanyar zuwa taron yaƙin neman zaɓe. A Karolina ta Arewa, cikin Fabrairun 1870, aka fito da Wyatt Outlaw, baƙar fata mai riƙe da muƙami a hukumar garin Graham, aka rataye shi a bishiya dab da ginin kotu. Wata uku bayan nan aka kashe ɗan majalisar jiha John Stephens a cikin ginin wata kotu. Da gwamna William Holden ya aika da dakaru don a kama masu laifi, sai majalisar jihar ta tuhume shi, ta tsige shi a 1871. Wanda ya nemi kare doka shi ya rasa kujerarsa.

Cikin waɗanda suka ba da shaida gaban kwamitin Majalisar tarayya a 1871 akwai Elias Hill, mai wa'azi a gundumar York ta Karolina ta Kudu. Tun yana ɗan shekara 7 ciwo ya nakasa shi, ba ya iya tafiya, sai an ɗauke shi, amma ya koyi karatu yana kuma koyar da yara. Wata rana da dare cikin Mayun 1871 masu mayafi suka jawo shi daga ɗakinsa suka yar a tsakar gida, suka yi masa bulala, suka ce ya bar wa'azi ya kuma fita daga jam'iyyar Republican. Bayan ya ba da shaidarsa sai ya yanke ƙauna da Amurka. A ƙarshen wannan shekara ya ja mutum fiye da ɗari suka shiga jirgin ruwa zuwa Laberiya. Bai yi shekara a can ba zazzaɓin cizon sauro ya kashe shi.

Shugaba Ulysses Grant, wanda ya jagoranci sojojin Arewa a yaƙi, shi ya karya Klan ta farko. A 1870 aka kafa ma'aikatar shari'a ta tarayya, a Afrilun 1871 aka zartar da dokar da ake kira da sunan ƙungiyar, wadda ta ba shugaban ƙasa ikon sa soja. A Oktoba Grant ya jingine dokar da ta hana tsare mutum ba tare da kai shi gaban alƙali ba a gundumomi 9 na Karolina ta Kudu. Aka kama ɗaruruwa, waɗansu suka gudu, waɗansu suka zo da ƙafarsu suka tona asirin abokansu. Kafin 1872 ta fita ƙungiyar ta watse. Shaidun da kwamitin ya tattara sun cika kundi 13.

Sai dai an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Ranar 13 ga Afrilun 1873, a Colfax cikin Luwiziyana, farar fata ɗauke da makamai suka kashe baƙar fata aƙalla 60, waɗansu masana suna cewa sun kai 150, yawancinsu bayan sun ajiye makamai. Kotun ƙoli, a 1876, ta soke hukuncin ƴan kaɗan ɗin da aka samu da laifi, tana cewa wannan lamari ne na jiha, ba na tarayya ba. A 1877 aka janye sojojin tarayya daga harkokin Kudu a wani cinikin siyasa kan kujerar shugaban ƙasa. Daga nan mayafi ya daina amfani, domin abin da ake yi da dare a ɓoye an koma yinsa da rana da sunan doka. Aka sa harajin zaɓe, aka sa jarrabawar karatu wadda magatakarda farar fata ne yake cewa an ci ko an fāɗi. A Luwiziyana akwai baƙar fata 130,334 a cikin rajistar masu zaɓe a 1896. A 1904 saura 1,342. A 1896 ɗin ne kuma Kotun ƙoli ta halatta raba jinsi a jirgin ƙasa, aka bi da shi zuwa makaranta da asibiti da maƙabarta.

Akwai wani abu a nan da yake rushe tunanin mai ɗora wa Klan laifin komi. Cibiyar Tuskegee ta ƙidaya mutum 4,743 da taron jama'a suka kashe ba tare da shari'a ba tsakanin 1882 da 1968, 3,446 daga cikinsu baƙar fata. Shekarun da kisan ya fi yawa su ne na 1890, alhali a lokacin babu wata ƙungiya mai suna Klan. Masu kisan ba su rufe fuska ba. Suna tsayawa gaban gawa a ɗauke su hoto, a buga hoton a kati a aika wa dangi ta gidan waya.

Ƴan kasuwa za su fi kowa gane abin da ya faru a Memfis cikin Maris 1892. Baƙar fata sun haɗa jari sun buɗe kantin kayan masarufi mai suna People's Grocery, kusa da kantin wani Bature da ya saba cin kasuwar unguwar shi kaɗai. Ciniki ya fara komawa sabon kanti. Aka tayar da rikici, aka kama Thomas Moss da Calvin McDowell da Will Stewart, aka fito da su daga gidan kaso da dare aka harbe. Wata ƴar jarida baƙar fata, Ida B. Wells, ƙawar iyalin Moss, ta shiga bincike. Hujjar da ake bayarwa kullum ita ce wai ana kare mutuncin matan farar fata. Wells ta bi alƙaluman da jaridun farar fata da kansu suka buga, ta nuna cewa a yawancin kisan ko zargin fyaɗe ba a yi ba. Ladanta shi ne an farfasa ofishin jaridarta a Mayun wannan shekara, ta bar Memfis.

Kamfanin sayar da ƙiyayya

Silima ce ta ta da Klan daga kabari. A 1915 D. W. Griffith ya fitar da fim mai suna The Birth of a Nation, wanda ya gina a kan wani littafin Thomas Dixon. Fim ɗin ya nuna baƙar fata a matsayin dabbobi masu farautar matan Turawa, ƴan Klan kuma jarumai masu ceton ƙasa. An nuna shi a fadar White House a zamanin shugaba Woodrow Wilson, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallo. Ƙona gicciye, wanda yau aka fi sanin ƙungiyar da shi, Klan ta farko ba ta san shi ba. Daga littafin da fim ɗin aka kwaikwayo shi. A cikin wannan shekara ne, a Agusta, aka sace Leo Frank, wani Bayahude manajan masana'anta, daga gidan kaso a Jojiya aka rataye shi. A Nuwamba William Simmons, tsohon mai wa'azi wanda ya koma dillalin shigar da mutane ƙungiyoyin asiri, ya hau dutsen Stone Mountain kusa da Atlanta tare da mutum goma sha wani abu, suka kunna wa gicciye wuta, suka ce Klan ta dawo.

Shekara biyar ba ta wuce ƴan dubbai ba. A 1920 Simmons ya ƙulla yarjejeniya da masu kamfanin talla biyu, Edward Young Clarke da Elizabeth Tyler, su kuwa suka mai da ita kasuwanci. Kuɗin shiga dala 10. Dillalin da ya kawo sabon mamba yana riƙe dala 4, sauran su hau sama mataki-mataki har Atlanta. Riga da hula ma a wajen ƙungiya ake saye. Aka umurci dillalai su duba abin da mutanen kowane gari suke tsoro, su sayar musu da maganinsa. Inda baƙar fata suke da yawa, a yi maganar baƙar fata. Inda babu su, ga ƴan Katolika, ga Yahudawa, ga baƙi daga Italiya da Polan, ga masu sayar da barasa a ɓoye tun da aka haramta ta a 1920. A Satumbar 1921 jaridar New York World ta buga jerin rahotanni tana fallasa duka da kisan da ake yi, Majalisa ta kira Simmons ya yi bayani. Maimakon abin ya kashe ƙungiyar sai ya zame mata talla kyauta, takardun neman shiga suka yi ta zuwa.

A tsakiyar shekarun 1920, ƙarƙashin Hiram Evans, wani likitan haƙori daga Dallas wanda ya ture Simmons, masana tarihi suna ƙiyasta mambobinta da miliyoyi, da yawa suna cewa wajen miliyan 4. Ƙarfinta a wannan karo ya wuce Kudu: Indiyana, Ohayo, Oregon, Kolorado. Mambobin kuwa masu kanti ne, da akawuna, da likitoci, da limaman majami'u, mata ma suna da reshensu. Ana shirya musu liyafa da wasan yara ranar hutu. Mai kanti yana liƙa alama a taga don ƴan ƙungiya su san nasu ne, wanda ba shi da ita a ƙaurace masa har ya rufe. A babban taron jam'iyyar Democrat na 1924 an kawo shawarar a la'anci Klan da sunanta, shawarar ta fāɗi da ƙyar. A shekarar ne aka yi dokar da ta rufe ƙofa ga yawancin baƙi daga kudanci da gabashin Turai da kuma Asiya. Ranar 8 ga Agustan 1925 dubun-dubatar ƴan Klan suka yi maci a babban titin Washinton, da fararen rigunansu, fuska a buɗe.

Ko Marcus Garvey, mai kiran baƙar fata su koma Afirka, ya je Atlanta a Yunin 1922 ya gana da Clarke, bisa tunanin cewa gara maƙiyin da ya fito fili da munafuki. Sauran shugabannin baƙar fata ba su yafe masa wannan ba.

Abin da ya kayar da ita daga cikin gida ya fito. Shugabanta a Indiyana, D. C. Stephenson, ya tara dukiya, ya sa an zaɓi Ed Jackson gwamna a 1924, har yana fahariyar cewa shi ne doka a jihar. A Maris 1925 ya sa aka sato masa Madge Oberholtzer, wata ma'aikaciyar gwamnati farar fata, ya yi mata fyaɗe da cizo a cikin jirgin ƙasa. Ta sha guba, amma kafin ta cika ta ba da cikakken bayani aka rubuta. A Nuwamba aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ya jira gwamnan da ya ɗora ya yi masa afuwa, shiru. A 1927 ya fito da takardun da ke nuna ƴan siyasar da ya saya, jaridar Indianapolis Times ta buga, ta ci lambar yabo ta Pulitzer da su. Iyayen gida da suka shiga ƙungiya don wai ta kare tarbiyya suka yi ta ficewa. Jinin baƙar fata bai fitar da su ba, sai da abin ya taɓa ƴar gida. Abin da ya rage kuma ma'aikatan haraji suka ƙarasa shi: a 1944 hukumar lanho ta tarayya ta nemi ƙungiyar ta biya bashin dala 685,000, ba ta da su, ta rufe ofis.

Zamanin bam

Tashi na uku ya zo bayan yaƙin duniya na biyu, sa'ad da sojoji baƙar fata suka dawo daga yaƙar Hitler suka ƙi komawa kujerar baya. A wannan karo ba ƙungiya ɗaya ba ce, ƙananan ƙungiyoyi ne masu gaba da juna, mambobinsu dubbai ne ba miliyoyi ba, amma sun fi na 1920 saurin kisa. A daren Kirsimetin 1951 bam ya tashi ƙarƙashin ɗakin kwanan Harry Moore da matarsa Harriette a Florida, malaman makaranta masu rajistar baƙar fata don zaɓe; dukansu suka mutu, ba a hukunta kowa ba. Da Kotun ƙoli ta haramta raba jinsi a makarantun gwamnati ranar 17 ga Mayun 1954, sai wutar ta ƙara ruruwa. A Birmingham ta jihar Alabama an dasa bam kusan 50 tsakanin 1947 da 1965.

Ƙarfin Klan a waɗannan shekaru yana hannun hukuma ne. A Mayun 1961 matasa, baƙaƙe da farare, suka shiga motocin safa tare don gwada hukuncin da ya hana raba jinsi a tashoshin mota. A Anniston aka cinna wa motarsu wuta suna ciki. A Birmingham ƴan sandan da ke ƙarƙashin kwamishina Bull Connor sun yi wa ƴan Klan alkawarin minti 15 su yi abin da suka ga dama kafin wani ɗan sanda ya iso, kuma haka aka yi. Idan an kai ƙara, tsarin shari'ar Amurka ya ɗora yanke hukunci a kan mutum 12 da ake zaɓowa cikin mazauna gari, su kuwa a Kudu farar fata ne zalla, sau da yawa maƙwabtan wanda ake tuhuma. Byron De La Beckwith, wanda ya harbe Medgar Evers a ƙofar gidansa a Yunin 1963, sau biyu ana yi masa shari'a a 1964 ba a cim ma hukunci ba.

Afirka ba ta yi shiru ba. A Mayun 1963, sa'ad da hotunan karnukan ƴan sandan Birmingham suna cizon ƴan makaranta suka zaga duniya, shugabannin ƙasashen Afirka suna taro a Addis Ababa don kafa ƙungiyar haɗin kan nahiyar. Milton Obote na Yuganda ya aika wa shugaba Kennedy buɗaɗɗiyar wasiƙa, taron kuma ya sa maganar wariyar da ake yi wa baƙar fatar Amurka cikin ƙudurorinsa. A zamanin da Washinton take zawarcin sababbin ƙasashe don kada su bi Mosko, wannan magana tana da nauyi.

Ranar Lahadi 15 ga Satumbar 1963 da safe, bam ya tashi a majami'ar Baptist ta titi na 16 a Birmingham. Yara mata huɗu suna ƙasan ginin suna shirin shiga ibada: Addie Mae Collins, Cynthia Wesley da Carole Robertson, masu shekara 14, da Denise McNair mai shekara 11. Hukumar FBI ta gano sunayen mutum huɗu da ake zargi tun 1965, amma aka rufe fayil ɗin ba a gurfanar da kowa ba. Sai a 1977 aka ɗaure Robert Chambliss. Thomas Blanton sai 2001, Bobby Frank Cherry sai 2002. Na huɗun ya mutu a 1994 bai taɓa tsayawa gaban alƙali a kan wannan ba.

A Misisipi, ranar 21 ga Yunin 1964, mataimakin shugaban ƴan sandan gundumar Neshoba, Cecil Price, ya kama samari uku masu aikin rajistar zaɓe, James Chaney baƙar fata, da Andrew Goodman da Michael Schwerner, Yahudawa daga New York. Ya tsare su har dare, ya sake su, ya bi su a mota ya miƙa su ga abokansa na Klan. Bayan kwana 44 aka tono gawarwakinsu a cikin wata madatsar ruwa ta ƙasa. Jiha ta ƙi tuhumar kowa da kisa. Gwamnatin tarayya ta koma ga dokokin zamanin da ya biyo bayan yaƙin basasa, ta samu mutum 7 da laifi a 1967, ba wanda ya wuce shekara 6 a gidan kaso. Edgar Ray Killen, mai wa'azin da ya shirya aikin, sai a 2005 aka ɗaure shi, shekara 41 daidai bayan kisan.

Vernon Dahmer mai kanti ne da gona da injin yankan katako kusa da Hattiesburg, a gundumar da aka raɗa wa sunan Janar Forrest. A Janairun 1966 ya sanar a rediyo cewa duk mai son biyan harajin zaɓe ya zo kantinsa, wanda ba shi da hali kuma zai biya masa. Da dare aka jefa wa gidansa da kantinsa wuta. Ya tsaya da bindiga yana harbi har iyalinsa suka fice ta baya, shi kuwa wuta ta ƙona masa huhu, ya mutu. Sam Bowers, shugaban reshen da ya ba da umurnin, sau huɗu yana tsira daga shari'a. A 1998 aka ɗaure shi, ya mutu a gidan kaso a 2006.

Duk da haka jinin bai hana abin da suke tsoro ba. Dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta fito a Yulin 1964, ta haƙƙin zaɓe a Agustan 1965. FBI ta cika ƙungiyoyin da ƴan leƙen asiri, ko da yake wannan ma yana da nasa datti: a cikin motar da aka harbe Viola Liuzzo daga ciki a Maris 1965, akwai wani mai kai wa FBI rahoto yana zaune.

Uwa ɗaya da kotu

A Maris 1981, a Mobile ta Alabama, wata shari'ar baƙar fata da ake zargi da kashe ɗan sanda farar fata ta watse ba hukunci. Ƴan Klan biyu, Henry Hays da James Knowles, suka fita neman kowane baƙar fata. Suka gamu da Michael Donald, ɗan shekara 19, ya fito sayen taba. Suka kashe shi suka rataye gawarsa a bishiya a bakin titi. Mahaifiyarsa, Beulah Mae Donald, ba ta tsaya a hukuncin mutum biyu ba. Da taimakon lauyoyin cibiyar Southern Poverty Law Center ta kai ƙarar ƙungiyar United Klans of America gaba ɗayanta, a kan cewa kamar yadda kamfani yake ɗaukar alhakin ɓarnar ma'aikacinsa, haka ƙungiya za ta ɗauki na mambobinta. A Fabrairun 1987 masu yanke hukunci, dukansu farar fata, suka ce a biya ta diyyar dala miliyan 7. Ƙungiyar ba ta da kuɗin, sai ta miƙa mata ginin hedkwatarta na Tuscaloosa, aka sayar da shi wajen dala dubu 52, ta sayi gida da su. Ƙungiyar da mambobinta suka dasa bam a majami'ar Birmingham ta mutu a hannun wannan tsohuwa. An zartar wa Hays hukuncin kisa a 1997, karo na farko tun 1913 da Alabama ta kashe farar fata saboda ya kashe baƙar fata.

Waɗansu suka tuɓe mayafi suka sa kwat. David Duke, tsohon shugaban wani reshe, ya ci zaɓen majalisar Luwiziyana a 1989, a 1991 kuma ya kai zagaye na biyu na zaɓen gwamna. Ya fāɗi, amma fiye da rabin farar fatar da suka yi zaɓe shi suka ba ƙuri'a. Daga baya ƙungiyoyin Klan suka ragu zuwa ƴan dubban mambobi a warwatse, aƙidar kuma ta koma intanet, inda ba a biyan dala 10 kuma ba a sayen riga. Saurayin da ya harbe mutum 9 a majami'ar baƙar fata a Charleston a 2015, da wanda ya harbe 10 a wani babban kanti a Buffalo a 2022, ba wanda yake da katin Klan.

Majalisar dokokin Amurka ta ga ƙudurori kusan 200 na mai da kisan taron jama'a laifin tarayya. Na 1922 ya wuce majalisar wakilai, sanatocin Kudu suka kashe shi da dogon surutu. Majalisar dattawa ta nemi gafara a 2005, dokar kuwa sai ranar 29 ga Maris 2022 shugaba Joe Biden ya sa mata hannu. Shi kuwa dutsen Stone Mountain, inda Simmons ya kunna wuta a 1915, jihar Jojiya ta saye shi a 1958, ta buɗe shi wurin shaƙatawa ranar 14 ga Afrilun 1965, shekara ɗari daidai da harbe Lincoln. A jikinsa aka sassaƙa surar Jefferson Davis da janar-janar biyu na Kudu bisa dawakai, aka gama aikin a 1972, kuma dokar jihar ta hana a taɓa shi.